TESSA: Takardun Horas da Malamai da Suka Rufa Mana Asiri Ranar da Mai Bita Ya Fasa Zuwa

Duk hedimastan da ke shirya wa malamansa bita a dogon hutu, ina ba shi shawara ya sauke takardun TESSA ya ajiye a waya tun bai buƙace su ba. Kyauta ne, ba a karɓar ko sisi, kuma da su ana iya riƙe malamai kusan talatin tun daga hantsi har La'asar ba wanda ya yi gyangyaɗi. Sai dai ba da Hausa aka rubuta su ba, kuma ba sa gudanar da kansu. In ba a sami wanda ya san makarantar da halin malamanta ya ja ragama ba, tarin takarda ne kawai.

TESSA taƙaitaccen suna ne na wani shirin horas da malamai na ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Jami'ar Open University ta Birtaniya ce ta fara shi a 2005, tare da jami'o'i da cibiyoyin horas da malamai na nahiyar nan: Cape Coast da Winneba a Gana, Egerton a Kenya, Makerere da Kyambogo a Yuganda, da wasu a Tanzaniya, Ruwanda, Zambiya, Sudan da Afirka ta Kudu. A Najeriya abokiyar aikinsu ita ce Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, wadda duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ke wucewa ta ƙofarta a Rigachikun. An kafa ta a 1976, shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare ga kowa, aka wayi gari azuzuwa sun fi malamai yawa, kuma har yau malaman firamare da dama ta hannunta suka sami takardar shaidar malanta ta NCE. Na kawo wannan ne don a san ba wani Bature ne ya zauna shi kaɗai a ofishinsa ya rubuta ba. Akwai hannun waɗanda suka san ajin Afirka a ciki, kuma ana gani.

Kayan firamaren sun kasu fanni 5: karatu da rubutu, lissafi, kimiyya, nazarin zamantakewa da fasaha, sai dabarun zaman duniya. Kowane fanni kashi 3 ne, kowane kashi babi 5, jimilla babi 75. Duk babin da ka buɗe tsarinsa ɗaya: tambaya guda a sama, sannan labarin wani malami da yadda ya yi da ajinsa, sai aikin da kai ma za ka gwada da naka ajin, a maimaita haka har sau uku, a ƙarshe kuma a haɗa maka kayan aiki. Ban da waɗannan akwai gajerun takardu a kan dabarun koyarwa, irin su riƙe aji mai cunkoso, raba yara rukuni-rukuni, yin tambaya, da koyarwa a inda babu kayan aiki. Ana samun su a shafin OpenLearn Create da Ingilishi, Faransanci, Larabci da Swahili. Ke nan 'yan'uwanmu malamai na Maraɗi da Damagaram suna da na Faransanci, na Sudan kuma suna da na Larabci.

Makarantarmu ta al'umma ce, nazare da firamare, a bayan garin Zariya. Kowace shekara, kafin a koma zangon farko, mukan ware yini guda na bita a watan Agusta. Bana kwamitin makaranta ya yi hoɓɓasa ya ɗauko wani kamfani da zai horas da mu koyar da karatu ta hanyar sautin baƙaƙe. An ba da kafin alƙalami, an gayyato malaman makarantu biyu na maƙwabta, an ba mai abinci kuɗin cefane. Ana gobe bita, bayan sallar Isha'i, sai ga waya: wai an tura mai bitar wani aiki a wata jiha, a yi haƙuri a ɗaga. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Sun ba da haƙuri, maganar kuɗi kuma tana tsakaninsu da kwamiti.

Wanda bai san malamin firamare a watan Agusta ba shi zai ce a ɗaga. Mazan da yawa suna gona, lokacin maimai ne da zuba taki, da ƙyar aka ɓamɓaro su. Cikin matan akwai wadda ta katse ganin gida ta dawo saboda wannan rana. Wasu suna karatun hutu a kwalejin ilimi, sai da suka nemi izini. Nama kuwa an riga an saya. In na ce an ɗaga, bana babu bita ke nan.

Malamarmu ta aji uku ce ta tuna da TESSA da na kira ta ina neman shawara. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wasu takardu da na taɓa cin karo da su lokacin karatuna, irin waɗanda ake aikatawa ne, ba na saurare ba. Ka duba ko suna nan." Suna nan kuwa. A daren na zauna da waya ina saukewa, sabis na zuwa yana ɗaukewa kamar yadda ya saba yi mana da damina. Fayilolin ba su da nauyi, yawanci rubutu ne, ba su ci data ba. Abin da ya ci lokaci shi ne zaɓe. Babi 75 a gaban mutumin da ke da dare ɗaya ba ƙaramin ruɗani ba ne, kowanne ka buɗe sai ka ga kamar shi ya fi dacewa. Na tsaya a kan gajerun takardu uku, ta cunkoson aji da ta aikin rukuni da ta tambaya, sai babi biyu: na lissafin kaso, wato firakshan, da na koyarwa da wasannin gargajiya. Wanda zai sauke ya nemi na Najeriya musamman, domin an gyara wa kowace ƙasa nata, an sauya sunaye da misalai. Akwai PDF akwai na Word. Ka ɗauki duka biyun, na Word ɗin za ka iya yankewa da gyarawa.

Da sassafe na tsaya a shagon fotokwafi na bakin kasuwa. Babu wuta, don haka farashin janareta aka yi mini. Ban buga wa kowa nasa ba, kwafi ɗaya na yi wa kowane rukuni, saura aka tura wa juna ta Xender da WhatsApp. Gaba ɗaya kuɗin bugun bai kai na abincin mutum biyar ba.

Da na sanar da malamai cewa baƙo ba zai zo ba, mu za mu horas da kanmu, ɗakin ya yi tsit. Dattijon malaminmu na aji shida, wanda duk muke kira Baba, ya gyara zaman hularsa ya ce, "To, Hedimasta, rashin uwa akan yi uwar ɗaki." Wani daga baya ya ce, "Yallaɓai, satifiket fa? Da kuɗin mota?" Na ce kuɗin mota yana nan, abinci yana nan, takardar shaida kuma makaranta za ta bayar. Sai aka ɗan saki jiki. Ban ga laifin mai tambayar ba. Mutum ya bar gonarsa.

Mun fara da takardar cunkoson aji. Ban tsaya a gaba na karanta ba. Na raba su rukuni biyar, na tabbatar kowane rukuni akwai mai ƙarfin Turanci, shi zai karanta ya bayyana wa saura da Hausa, sannan su ware shawarwarin gida biyu: wanda zai yiwu a ajinsu, da wanda ba zai yiwu ba. Kafin a yi nisa Baba ya ɗaga hannu. "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa shiga ajin da yara saba'in ke zaune gwiwa na gugar gwiwa?" Malamar da ke karanta musu ta ce ya ɗan jira. Da aka ci gaba sai ga shi takardar da irin ajinsa take magana: a fitar da kayan da ba a buƙata don a sami fili, a yi amfani da waje, malami ya riƙa zagayawa kada ya kafe a gaban allo, ya san sunayen yaransa, ya ba wasu daga cikinsu aikin rabawa da tattarawa. Babu ko ɗaya da ke buƙatar kuɗi. Inda aka yi gardama sosai shi ne fitar da yara waje. Masu ƙananan azuzuwa suka ce da zarar an fita gindin darbejiya, rabi sun tsere wajen mai awara. Masu manyan azuzuwa suka ce laifin malami ne da bai ba su aikin yi ba kafin a fita. Ba a daidaita ba, ni ma ban raba gardamar ba. Na dai lura cewa malaman da suka shekara suna gaisawa a ofis ba su taɓa tambayar juna yadda suke riƙe aji ba sai ranar.

Babin lissafin kaso shi ne ya biya kuɗin yinin. Abin da ya ce a yi mai sauƙi ne: a yanka takarda dogaye-dogaye masu tsawo ɗaya, a ninka wannan biyu, wancan huɗu, wani takwas, a jera su a ga yadda suke da juna. Ba mu da kwali, sai mai gadi ya kawo mana tsofaffin fastocin 'yan siyasa da aka ɓamɓare daga katanga, bayansu fari tas. Almakashi biyu ne a duk makarantar, saura da reza da rula suka yi. Na rubuta a allo: tsakanin 1/4 da 1/8, wanne ya fi girma? Na ce kowa ya rubuta amsarsa a ɓoye, kada ya sa suna. Da aka tattara, ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, sun zaɓi 1/8, saboda 8 ta fi 4. Na ƙara da 1/2 a tara da 1/3, aka sami masu cewa 2/5. Waɗannan malamai ne masu takarda, wasunsu sun daɗe suna koyar da wannan darasi ta hanyar kwafo misalin littafi zuwa allo. Da baƙo ne a gabansu da majigi da kwat, ba mai yarda a gane. Da yake mu ya mu ne, kuma takarda na hannun kowa, sai aka ɗora guntun 1/8 a kan na 1/4, aka yi dariya, aka wuce wurin.

Nan ne malamin Arabiyya, wanda tun safe bai ce uffan ba don yana ganin bitar boko ba ta shafe shi ba, ya miƙe ya ce a ba shi alli. Ya ce, "Malamai, mace in mijinta ya rasu bai bar ɗa ba, me take samu?" Aka amsa baki ɗaya: rubu'i. "In ya bar ɗa fa?" Sumuni. "To wanne ya fi yawa?" Har waɗanda suka faɗi tambayata suka ce rubu'i mana, ai 'ya'ya rage mata suke yi. Ya ce to rubu'i shi ne 1/4 ɗinku, sumuni shi ne 1/8. Sannan ya sa aka ƙirgo marafan kwalba 24 daga cikin waɗanda muka tara don ƙananan azuzuwa. Ya ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Mata sumuni, ya ware 3. Uwa sudusi, ya ware 4. Ɗa ya kwashe saura, 17. Wata malama ta tambaye shi me ya sa 24, ba 20 ba, ba 30 ba? Ya ce domin ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 duk suke raba ta ba saura, malaman gado suna kiran ta asalin mas'ala. Malamin lissafinmu na aji biyar ya dafe kai. Abin da yake shan wahalar koya wa yara kowace shekara ke nan kafin su iya tara kaso biyu masu ƙasa daban-daban, ga shi ana yin sa a zauren malamai shekaru aru-aru.

Daga nan aka ɓalle. Wani ya kawo zakkar hatsi: noman damina ushuri, noman da aka sha wahalar ban ruwa rabin ushuri, wato buhu 20 a fitar da 2 a nan, a fitar da 1 a can. Wata ta kawo rabon naman watanda. Ba ko ɗaya daga cikin misalan nan da ke cikin takardun TESSA, kuma ba zan jingina musu abin da ba su rubuta ba. Abin da na yaba musu shi ne yadda aka gina babin: yana sa malami ya taɓa abu da hannunsa, yana kuma matsa masa ya nemo misali daga garinsu. Wannan ƙofar ce malamin Arabiyya ya shigo ta ciki. Na halarci bitoci da dama da aka kashe kuɗi masu yawa, ban taɓa ganin an bar wa irinsa alli ba.

Kafin Azahar muka taɓa takardar tambaya. Kowa ya san cutarmu: malami ya yi bayani, ya juyo ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka "Eee!", a wuce. Takardar tana bambanta tambayar da amsarta kalma ɗaya ce da wadda ke sa yaro tunani, tana kuma cewa a ba yaro lokaci kafin a karɓi amsa. Na ƙara musu da abin da na sani na binciken Mary Budd Rowe, wata malamar kimiyya a Amurka, wadda a shekarun 1970 ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan yi tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Malamai suka ce su ai suna jira. Sai muka gwada: ɗaya ya koyar, ɗaya ya riƙe agogon waya. Wanda ya fi kowa rantsuwa cewa yana jira, kafin daƙiƙa biyu ya riga ya amsa wa kansa tambayar. Shirun daƙiƙa uku a gaban aji yana da tsawo fiye da yadda mutum ke zato.

Aka yi sallah, aka ci shinkafa da miya da zoɓo. Tsarina shi ne bayan abinci a fita fili a yi babin wasanni, a yi langa, mata su yi gaɗa, a ga abin da za a iya cirowa na darasi. Muna idar da cin abinci hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya tsuge. Ajin da muke ciki rufin kwano ne babu silin, ko ihu ka yi na kusa da kai ba ya ji. Tsari ya sake rushewa. A nan na ga wani amfanin takardun da ban yi tunaninsa ba: da yake kowane rukuni na da kwafinsa kuma umarnin aikin a rubuce yake, ba a buƙatar muryata. Na rubuta a allo cewa kowane rukuni ya zaɓi wasa ɗaya da ake yi a zaune, ya fitar da darasi daga cikinsa. Suka haɗa kai, baki a kunnen juna.

Rukunin Baba suka zana dara a ƙasa da alli, gida 30, layi 5 kowanne gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan duwatsu, wancan tsinke. Daga nan suka fitar da sau, 5 sau 6, da ɗebewa, gida nawa ke zama fanko in an gama zubi, har da tambayar ta hanya nawa za a iya jera uku a layi. Matan aji ɗaya da biyu suka ɗauki carafke don ƙirga bibbiyu da uku-uku. Wani rukuni ya ɗauki kacici-kacici, suka tsara yadda yara za su tambayo kakanninsu a gida, su kawo aji a rubuta a allo, a mai da shi abin karantawa. Wannan na ƙarshen kusan abin da fannin karatu da rubutu na TESSA ke koyarwa ke nan a kashinsa na biyu: a tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙi da wasannin gari a mai da su ƙananan littattafai na aji. Ga makarantar da ba ta da laburare, shawara ce mai kyau ƙwarai.

Da ruwa ya tsagaita, kowane rukuni ya koyar da darasinsa na minti goma, saura suka zama yara. Baba ya zama yaron da ba ya jin magana, kuma ya iya, da alama shekarun da ya yi yana fama da irinsu ba su tafi a banza ba. An tashi bayan La'asar.

Babbar matsalar da duk mai amfani da takardun nan a ƙasar Hausa zai ci karo da ita ita ce harshe. Turancinsu ba mai tsauri ba ne a wurin wanda ya saba karatu, amma malamin firamaren da rabonsa da karanta shafi biyar a jere tun yana kwaleji, zai gaji. Da na miƙa wa kowa kwafi na ce ya karanta shi kaɗai, da bitar ta mutu tun da safe. Karatu cikin rukuni da bayani da Hausa ne ya cece mu, kuma hakan ya ci kusan ninki biyu na lokacin da na ware. Rashin na Hausa da ɗan ban takaici, ganin cewa a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na garin da yake, kuma ko ba manufa, da Hausa malamaina ke yi wa 'yan aji ɗaya bayani. Swahili ya samu fassara, mu ba mu samu ba. Sannan babi ɗaya ya fi ƙarfin zama ɗaya. An tsara shi ne don malami ya karanta, ya je ya gwada da yara na gaske, ya dawo ya ci gaba. A hutu babu yara, don haka dole ka yanke, ka ɗauki aiki ɗaya ko biyu ka bar saura.

Abu na biyu, bai maye gurbin abin da muka rasa ba. Mu koyar da sautin baƙaƙe muka shirya, mataki-mataki, daga baƙi zuwa gaɓa zuwa kalma. Babin da na duba na fannin karatu suna da kyau wajen sa yara son karatu da magana, amma ba manhajar da za ka bi mako-mako ka koya wa ɗan aji ɗaya haɗa baƙi ba ce. Mai neman wannan da Hausa gara ya nemi kayan shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, ko na RANA da aka yi a Katsina da Zamfara, in yana da wanda zai samo masa. Don labaran karantawa kuma akwai shafin African Storybook, wanda ke da ƙananan labarai da Hausa kyauta. Malaman nazare su ne suka fi fita da ɗan abu kaɗan a ranar, ban da carafke ba abin da ya shafe su kai tsaye, kuma sun faɗa mini. Har yanzu muna bin kamfanin nan bashin bitarmu, kuma ina so a yi ta. Ina faɗin haka ne saboda masu makarantun kuɗi da za su karanta wannan su ce shi ke nan, an huta da biyan mai horaswa. Akwai ilimin da babu shi a cikin ɗakin, komai yawan rukunin da ka raba, sai an kawo shi daga waje.

Takardar shaidar da muka bayar tamu ce, da hatimin makaranta da sa hannuna. Ban yi wa kowa alkawarin cewa hukumar rajistar malamai ta TRCN za ta lissafa ta cikin horon da take buƙata ba, kuma kada wani hedimasta ya yi wa malamansa wannan alkawarin. An rubuta yawancin takardun tun kafin wayar shafa ta zama ruwan dare, don haka za ka ga ana yawan ambaton jarida da mujalla da rediyo. Rediyo muna da shi. Tsohuwar jarida kuwa yanzu sai ka je wajen mai tsire, shi ma sayo ta yake yi. Wannan bai dame ni ba sosai, domin makarantar da ba ta da wuta ta fi kusa da duniyar takardun nan fiye da duniyar majigi.

Da aka koma makaranta a Satumba na riƙa leƙa azuzuwa. Guntayen takardar kaso suna nan a aji huɗu da biyar, an ma liƙa wasu a bango, kuma malamin lissafi ya gayyaci malamin Arabiyya ajinsa da marafan kwalbarsa. Aikin rukuni ya kama a azuzuwa biyu, a saura an koma jere ana fuskantar allo. Jiran daƙiƙa uku shi ya fi saurin ɓacewa, "Kun gane?" ta dawo da ƙarfinta. Yini ɗaya iyakar abin da zai iya ke nan, ko wa ya jagorance shi. Saboda haka muka mai da abin ɗan zama na rabin awa duk ranar Alhamis bayan an tashi, ana ɗaukar aiki ɗaya a gwada cikin mako a dawo a ba da labari, wanda dama haka aka tsara takardun a yi da su. Yanzu muna kan awo, yara na auna tsawon aji da taki da kamu kafin a kawo rula, an kuma aro mudu da tiya daga gidan mai gadi.

Lasisin takardun ya yarda a gyara su, a fassara, a raba, muddin an ambaci inda aka samo kuma an bar abin da aka fitar a buɗe ga wasu. Malamar aji uku da malamin lissafi sun ɗauki na Word ɗin babin kaso sun fara mai da shi Hausa, sun cire misalan da ba su dace da mu ba sun sa na gado da zakka. Malamin Arabiyya ne ke duba musu lissafin gadon, kuma ya ce kada a kuskura a buga sai ya kai wa malaminsa na cikin gari ya gani.